Fulan ɗin jirgin Cozy Mark IV: na saya, ga ra'ayina ga masu cewa a kwafa daga hoto kawai

Bari in faɗi matsayata tun kafin surutu yayi yawa, fulan ɗin Cozy Mark IV, wato littafi da zanen da ake bi a ƙera jirgin a gida, da kamfanin Aircraft Spruce ke sayarwa ya ci kuɗinsa, in tauraro ake rabawa zan bashi 4 cikin 5, ɗayan da na riƙe kuma zan faɗi dalili a ƙasa. Abun da yasa na zauna rubuta wannan shine tambayar da 'yan uwa ke ta min tunda suka ji ina haɗa jirgi a gareji anan Amurka, wai don me zan zuba wajen dala 500 akan takarda alhali hotunan jirgin sun cika intanet, ga zanen gefe ga na sama ga na gaba, ai sai mutum ya sa rula ya auna ya faɗaɗa ya yanka abunsa. Wani ma cewa yayi shi wani jirgin mai suna Long-EZ yake so kuma ya samu fayil ɗinsa kyauta, saura kawai ya kai a buga masa.

Toh abun dariyar shine Cozy ɗin ma kwafi ne. Shiyasa na ga ya dace ayi maganar a kansa.

Asalin tsarin na Burt Rutan ne, injiniyan nan na garin Mojave a Kalifoniya, wanda daga baya ya zana Voyager da ya zagaye duniya a 1986 ba tare da ya sauka shan mai ba, da kuma SpaceShipOne na 2004. A 1975 ya fito da VariEze, a 1979 ya tashi Long-EZ, jirage masu ƙaramin fiffike a gaba da ake ce ma kanad, babban fiffike a baya, inji da farfela suna can ƙarshe suna turo jirgin maimakon su ja shi. Abun da ya sa mutane suka rude a kansu ba kamannin bane kaɗai, yanda ake ƙera su ne, babu mol babu walda babu rabit dubu goma, soso ne mai tauri wato fom zaka yanka shi ya ɗauki siffa sannan ka lulluɓe shi da yadin faiba ka jiƙa da efoksi, in ya bushe ya zama jiki ɗaya mai ƙarfi mara nauyi. Long-EZ mutum biyu yake ɗauka, ɗaya gaba ɗaya baya. Sai wani injiniya mai suna Nat Puffer, wanda yayi aiki a kamfanin 3M, yaga shi yafi son a zauna kafaɗa da kafaɗa, ya faɗaɗa jikin jirgin ya fito da Cozy mai kujera uku a 1982, daga baya ya ƙara girma ya zama Mark IV mai kujera huɗu. Bai yi a ɓoye ba, da izinin Rutan yayi kuma da yarjejeniyar lasisi a tsakaninsu. Rutan ya daina sayar da fulan a 1985, ga fargabar ƙararraki a kotu ga kuma hankalinsa ya koma kan Scaled Composites, Puffer ya cigaba da sayar da nasa har zuwa 2004 da Aircraft Spruce suka karɓa.

Yanzu me ke cikin kwalin. Littafi ne mai babi 26 da aka raba kashi biyu, sai manyan takardu masu zane daidai girman abun da zaka yanka, sai littafin mai jirgi da ke ɗauke da iyakokin nauyi da gudu, sai lambar siriyal ɗinka. Lambar nan tana nufin lasisin jirgi ɗaya ne, ba wai ka saya ku raba da abokai biyar ba. Kallon farko wlh bazai burge ka ba, rubutun irin na da ne, zanen da hannu akayi, ba kala ba ƙyale ƙyale, kuma komai da inci ne, incin ma an raba shi goma goma ba kashi takwas ko sha shida da kafintoci suka saba ba, dole ka nemi tef na musamman. Wanda ya taso da santimita zai ɗan sha wuya kwanakin farko, ni dai shawarata kar ka tsaya juya lissafi zuwa mita, ka saba da incin kawai.

Amma da ka fara karantawa zaka gane inda kuɗin ya tafi. Babi na 3 makaranta ce sukutum, ba a taɓa jirgi a cikinsa, koya maka ake yanda ake auna efoksi a sikeli, yanda ake shimfiɗa yadi ba tare da zaren ya karkace ba, yanda zaka gane wurin da ya bushe da iska a ciki don yana yin fari fari, yanda ake dama maikuro wato garin ƙananan ƙwallayen gilas da ake cike rami da shi, da fuloks wato garin auduga da ake haɗa gaɓa da shi inda ake son ƙarfi, kuma an ja kunne kar ka kuskura ka sa maikuro tsakanin yadi da yadi don ba ya riƙe nauyi. Har wani ɗan guntun gwaji ake sa ka yi, ka ɗora shi ka taka da ƙafarka kaga bai karye ba, don zuciyarka ta yarda soso da yadi zasu iya ɗaukarka a sama. Akwai gargaɗin da nake so kowa ya riƙe ko bazai taɓa haɗa jirgi ba, fom ɗin fiffike da waya mai zafi ake yanka shi, amma akwai wani nau'in fom na yuritan da in ka sa masa wayar zafi hayaƙin guba yake fitarwa, shi da wuƙa da samfefa ake aikinsa. Daga babi na 4 ake fara bangayen cikin jiki, ƙananan abubuwa masu faɗi da in ka ɓata asarar bata da yawa, kafin a kai ka ga kanad a babi na 10, babban ginshiƙin tsakiya a 14, fukafukai a 19. An jera su ne yanda hannunka zai faɗa kafin ka taɓa abun da ranka ya rataya a kansa, kuma wannan jerin shi kansa darasi ne.

Anan ne maganar kwafi daga hoto take rushewa. Kamar ka kai ma tela hoton babbar riga ne kace ya ɗinka maka irinta, zai iya fitar da kamannin, amma hoton bai gaya masa wane yadi bane, ko akwai shafi a ciki, ko ina aka ninka ɗinki. A jirgin faiba duk ƙarfin yana ƙarƙashin fenti inda ido baya gani. Yadi iri biyu ake amfani da su, akwai UNI wanda kusan duk zarensa hanya ɗaya ya miƙe, akwai BID wanda zaren ya gitta juna kuma yawanci a karkace ake yanka shi kan digiri 45. Fulan ne zai ce maka a wuri kaza falle nawa zaka shimfiɗa, wanne ne a ƙasa wanne a sama, zaren ina zai kalla, ina falle zai tsaya ina na gaba zai zarce, inci nawa zasu hau kan juna. Ka juya zaren UNI ba daidai ba, fiffiken zai fito sumul yana sheƙi kamar na kowa, a ƙasa ba wanda zai gane, sai ranar da iska ta matsa shi. Wanda yace toh bari in ƙara falle ko'ina don in kauce ma haɗari shi kuma ya gina jirgi mai nauyin da ba zai ɗauki kowa ba, kuma in nauyin ya taru a baya ya ja ma kansa wata matsalar da tafi waccan muni.

Matsalar kuwa itace ta inda nauyin jirgi ya daidaita. Duk hikimar kanad shine ƙaramin fiffiken gaba shi zai fara gajiya ya daina ɗagawa in gudu yayi ƙasa sosai, sai hanci ya ɗan sunkuya da kansa gudu ya dawo, babban fiffiken baya bai kai ga sakin jirgin ba. Shiyasa ake cewa jiragen nan basa sitol, wato fiffike ya daina ɗaga jirgi, irin na sauran. Amma sharaɗi ne, sai in nauyin yana cikin iyakar da aka gwada, kuma kanad ɗin siffarsa da tsawonsa da kusurwar da aka ɗaura shi duk suna yanda aka zana. In nauyi ya koma baya da yawa ko kanad yafi ƙarfin da ya kamata, babban fiffike ne zai saki, jirgin ya kama zuwa ƙasa a shimfiɗe hanci a sama kuma sandar tuƙi bata da abun da zata yi, hakan ya faru da jirage masu irin wannan tsarin. Puffer sai da yayi gwajin Mark IV da nauyi a baya, sakamakon ya sa aka rage tsawon kanad ɗin, aka kuma tsaya akan ƙananan fukafukan nan na ƙasan wutsiyoyin gefe kar a cire su. Wanda ya samu tsohon zane kafin gyaran ya kwafa, toh har da matsalar ya kwafo bai sani ba.

Irin haka ya faru da Long-EZ ma, kanad ɗin farko in ruwan sama ya jiƙa shi sai ɗagawarsa ta ragu hanci ya nemi ƙasa, har sai da John Roncz ya zana sabon fasali a tsakiyar shekarun 1980, kuma na Roncz ɗin ne Mark IV ke amfani da shi. A lokacin Rutan yana da takardar labarai mai suna Canard Pusher da yake fitar da gyare gyare a ciki, wasu na dole ne kafin jirgi ya sake tashi, Puffer ma yana da tasa. Don haka fulan ba littafin kaɗai bane, littafi ne da tarin gyaran da aka samu daga jiragen da suka riga suka tashi, wasu gyaran ma bayan anyi haɗari aka rubuta su. Aikin farko da na yi kafin in yanka komai shine zama da biro ja ina bin gyaran ɗaya bayan ɗaya ina shigar da su cikin littafin, aiki ne mai gundura amma a ganina wannan zaman kaɗai yafi dala 500 ɗin daraja.

Ga mai fayil ɗin Long-EZ na kyauta, gaskiya akwai su, masu sha'awa sun sake zana takardun yankan suka sa masa suna Open-EZ tunda asalin ya daina fita tun 1985, kuma ana gina jirage da su. Bana zagin abun. Amma ka sani firinta da injin kwafi basa fitar da girma daidai ko yaushe, wani lokacin tsawo ya fito daidai faɗi ya ƙaru, mai shago kuma ba ruwansa yana iya danna a daidaita da girman takarda ya miƙo maka, kuskuren da bai kai faɗin farce ba akan fasalin kanad yana canja yanda jirgi ke tashi. Duk takardar da aka buga sai ka auna ta tsaye da kwance kafin ka yarda da ita. Sannan kaine zaka bi tsofaffin Canard Pusher ka tattaro gyaran da kanka, ba kamfanin da ke bayanka. Mutumin da ya taɓa gina ɗaya zai iya, sabon shiga kuwa na fi so ya fara da abun da har yanzu ake sayarwa da lamba.

Ta fuskar doka anan Amurka hukumar jiragen sama ta FAA bata tambayarka ina ka samo zane, akwai rukunin jiragen gwaji na masu ƙira a gida, sharaɗin shine mafi yawan aikin, abun da ake ce ma dokar kashi 51, masu sha'awa ne suka yi da hannunsu don koyo ko nishaɗi. A takarda kaine kamfanin da ya ƙera jirgin, sunanka ake rubutawa. Bayan sufeto ya duba sai a baka wani yanki kayi ta gwaji, awa 40 ga yawancin irin namu, kafin ka ɗauki fasinja. Amma takardun fulan ɗin suna da haƙƙin mallaka, yin fotokwafin na wani ka gina naka cin haƙƙi ne, kuma in ka canja tsari sosai toh kar ka kira shi Cozy, naka ne, kaine mai zane kaine mai gwaji.

Canje canjen nan su ne jarabawar kowa, wlh tun kana babi na 6 zuciya zata fara raya maka ka ƙara faɗi inci biyu, ka ɗaga rufi, ka sa tayoyi masu naɗewa, ka ɗauko injin mota. Wanda ke ganin ƙaramin canji ba komai bane ya nemi labarin mawaƙin nan John Denver da ya rasu a Long-EZ a watan Oktoba 1997 a gaɓar Monterey. Ba shi ya gina ba, saya yayi. A fulan ɗin Rutan makunnin sauya tankin mai yana tsakanin ƙafafun matuƙi, wanda ya gina wannan sai ya maida shi bayan kafaɗar hagu, da niyya mai kyau ma, baya son bututun mai ya ratsa inda mutum ke zaune. Denver ya tashi da mai kaɗan, tanki ya ƙare, hukumar bincike ta NTSB tace yana juyawa ya kamo makunnin ne ƙafarsa ta danna fedar dama jirgin ya karkace ya faɗa teku. Jikin jirgin lafiya lau, fiffike bai karye ba, matsalar daga wurin makunnin da aka canja ta taso.

Yanzu tauraron da na riƙe. Na ɗaya fulan ɗin ya tsufa a wasu wurare, ɓangaren waya da agogunan gaba da na inji an rubuta su ne a zamanin da ba'a san allon kwamfuta a ƙaramin jirgi ba, nan kusan kai zaka nema ma kanka hanya, wasu kayan da aka ambata ma an daina yinsu ko an canja musu suna. Na biyu wasu zanukan sun cushe, zaka karanta sakin layi ɗaya sau da yawa kana juya takarda kafin ka gane ina ne gaba ina ne baya, da ace an sake buga shi da gyaran duka a ciki da hotuna da an huta. Na uku kuma shine awa 2,500 da ake cewa aikin na ci, wannan lissafin wanda ya riga ya iya ne kuma baya tsayawa tunani, mai aikin ofis da iyali shekaru zai kwashe, da yawa sun haura goma, da yawa kuma sun sayar da rabin jirgi sun haƙura. Babi na 25 na gyaran fuska shi ke karya mutane, tunda babu mol fuskar bata fitowa sumul, sai ka shafa maikuro ka goge da samfefa ka sake shafawa ka sake gogewa, wata da watanni, ƙura har cikin kunne. Kuma dala 500 ɗin nan itace mafi arha a duk tafiyar, injin Lycoming O-360 mai ƙarfin doki 180 shi kaɗai dubun dubatar daloli ne in sabo ne.

Efoksi kuma ba abun wasa bane. Irin MGS 285 ana haɗa shi 100 da 40 a nauyi, ba da ido ba, in ka kauce bazai taɓa yin ƙarfin da aka lissafa ba. Yana son ɗaki mai ɗumi daidai, sanyi yasa yayi kauri yadi ya sha da yawa ya ƙara nauyi, zafi yasa ya kama a kofi kafin ka gama shafawa. Ka sa safar hannu tun ranar farko, akwai waɗanda jikinsu ya ƙi shi bayan sun yi nisa, ƙuraje da kumburi, dole suka bar aikin gaba ɗaya.

Shi jirgin in an gama fa abun so ne, faɗin fiffike wajen mita 8 da rabi, nauyinsa ba kaya kusan kilo 480, cike kilo 930, tankuna galan 52, kuma yana gudun da jiragen kamfani masu inji irin nasa basa kamo shi. Amma kujerun baya na yara ne ko marasa jiki, in ka cika mai ka zuba manya huɗu lissafi bazai fita ba. In kai kaɗai zaka tashi kuma baka da nauyi sai ka sa ƙarin nauyi a hanci, in zaka ɗauki wani a gaba ka cire, mantuwa anan tana kisa. A ƙasa ma naɗe tayar gaba ake yi a ajiye shi hanci a ƙasa, in ba haka ba yana iya kifewa ta baya tunda inji na can. Bashi da filaf, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa don a sauka a hankali, da gudu yake sauka, yana son titi mai kwalta kuma dogo, tsakuwar da tayar gaba ta watso farfela take samu.

Masu tambaya ko za'a iya yinsa a gida Najeriya ko Nijar, ɗaukar tsarin wani a gina ba baƙon abu bane a wajenmu, Air Beetle ɗin da aka haɗa a Kaduna ma sojojin sama suka koyi tuƙi da shi daga RV-6A na kamfanin Van's aka samo shi, sai dai shi na alminiyam ne ba faiba ba. Na faiba matsalarsa rana, efoksin da ya bushe a zafin ɗaki yana laushi in yayi zafi sosai, shiyasa kusan duk jiragen nan farare ne, fulan ya hana fenti mai duhu a saman jiki, kuma a wurin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu dole ka nemi efoksi mai jinkirin kamawa, ɗakin aiki mai sanyi, da rumfar ajiye jirgi. Ƙurar hunturu in ta sauka akan yadi jiƙaƙƙe ta ɓata shi. Fom ɗin ma ba na katifa bane ba kuma na cikin kwalin firji ba, kowane wuri da nau'insa da nauyinsa, faiban da ake gyaran bamba da jirgin ruwa da shi ma ba shi bane, kusan komai sai an yi oda, efoksi kuma kaya ne mai haɗari wajen jigila kuma yana da ranar lalacewa. Ga man afgas da injin ke sha ba kowane filin jirgi ake samunsa ba. Kafin ka tura ko dala ɗaya ka fara zuwa NCAA, hukumar jiragen sama ta Najeriya, ka ji ta bakinsu akan rajistar jirgin da mutum ya ƙera da kansa, ka samu amsar a rubuce, sannan ka sayi fulan ɗin kaɗai ka karanta babi na 1 zuwa na 3 kafin kayi odar yadi ko yadi ɗaya.